Sayen Keken Ɗinki Na Gida: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Biya

Da wuya a sami magidancin da bai taɓa tsayawa a ƙofar shagon tela ba a daren Salla, yana kallon yadin 'ya'yansa a ninke a kan tebur kamar yadda ya kawo shi tun farkon azumi. Irin wannan dare ne yakan sa ma'aikaci ya koma gida ya ce wa iyalinsa, in Allah ya kai rai baɗi, lalle za a sayi keke a ajiye a gidan nan. Waɗansu kuwa ba fushi da tela ne ya kai su ba, sha'awa ce kawai. Akwai malamar makaranta da ke son ta riƙa ɗinka labule da zanen gado ranar Asabar, akwai akawun da ya kusa ajiye aiki yana neman abin da zai riƙa taɓawa da hantsi, ga kuma ɗalibar da ta koyi yanka a lokacin hutu ba ta son hannunta ya mutu. Tun daga shekarar 2012, sa'ad da Hukumar Yi Wa Ƙasa Hidima ta shigar da koyon sana'a cikin horon da take bayarwa a sansani, 'yan boko da yawa suka daina ganin almakashi da alli a matsayin kayan wanda bai yi makaranta ba.

To, amma keke ba takalmi ba ne da za a sake shi kowace shekara. Galibin kekunan da ke kasuwanninmu daga ƙasashen waje ake shigo da su, tun kuwa da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo. Ma'aikaci mai matsakaicin albashi sai ya yi adashi na watanni kafin ya tara kuɗin keke ɗaya, in kuwa ya yi kuskuren zaɓe, ba zai sami damar gyara kuskuren da wuri ba. Keken zai koma bayan ƙofa a lulluɓe da tsohon zane, ana ɗora masa kwanuka, shi kuma ya koma wurin telan da ya yi fushi da shi.

Kusan duk mai saye da kalma ɗaya yake shiga kasuwa, watau yana son keke “mai ƙarfi”. Mai shago kuwa ya san haka, don haka nan da nan zai sauko da kwali mai hoton wandon jins da fata, a jikinsa an rubuta Heavy Duty da manyan baƙaƙe, ma'ana mai jure aiki mai nauyi. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne babu wani ma'auni da aka yarda da shi wanda keke zai cika kafin a rubuta masa waɗannan kalmomi. Kamfanin da ya ƙera shi ne yake raɗa masa suna, kamar yadda uba yake raɗa wa ɗansa. Wani keken ya cancanci sunan, wani kuwa fenti ne kawai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kafin mutum ya iya rarrabewa tilas ne ya san abin da ke faruwa a cikin keke sa'ad da yake ɗinki.

YADDA KEKE YAKE ƘULLA ZARE

Keken gida da zare biyu yake aiki, na sama wanda ke bi ta allura, da na ƙasa wanda ke naɗe a jikin bobin. Allura takan huda yadi ta sauka da zaren sama. Da ta fara komawa, sai zaren ya saki ya yi ɗan zarge a bayanta. A daidai wannan ƙiftawar ido wata ƙugiya da ke ƙarƙashin keken takan cafke zargen ta zagaya da shi bayan bobin, sa'an nan wani hannu da ke sama ya ja zaren ya tsuke, ƙullin ya ɓuya a tsakiyar yadi. Daga nan sai haƙoran keke su tura yadin gaba kaɗan, a sake sabon sari. Wannan yakan faru sau ɗari bakwai, ko dubu, ko fiye a cikin minti ɗaya.

Tazarar da ke tsakanin bakin ƙugiya da allura ba ta wuce kaurin takarda ba, lokacin haɗuwarsu kuma ƙayyadadde ne. Makanikan keke suna kiran wannan daidaituwa taimin. Idan allura ta ci karo da wuri mai kauri ta ɗan karkace, ko ƙashin keken ya ɗan ba da kai, ko giyar da ke ciki ta zame da haƙori ɗaya, to taimin ya goce. Sai keke ya fara tsallake ɗinki, ko ya riƙa tsinka zare, ko ya tara zare a ƙasan yadi kamar sheƙar tsuntsu.

Saboda haka ƙarfin keke a wurare uku yake zaune: ƙashin da ya riƙe komai, wanda bai kamata ya motsa ba ko kaɗan; giyoyi da sandunan da ke kai motsi daga wili zuwa allura da ƙugiya; da kuma abin da ke juya wilin, ko ƙafa ce ko wutar lantarki. Yawan kalolin ɗinki da fitilu da maɓallan da ke fuskar keke ba su cikin wannan lissafi. Wurin da ake gane gaskiyar keke kuwa shi ne kalmasar ƙafar wandon jins, a daidai inda ta hau kan haɗin gefe. A nan yadi yakan kai ninki tara, wani lokaci fiye.

BAƘIN KEKE

Wanda ya tashi a Fagge ta Kano, ko ya taɓa ratsa Kasuwar Barci a Kaduna, ya san ƙarar baƙin keke tun kafin ya san sunansa. Tarihinsa ya faro daga nesa. A 1830 wani tela Bafaranshe mai suna Barthélemy Thimonnier ya ƙera keken da ke ɗinki da zare ɗaya, har ya buɗe wurin ɗinka kayan soja a birnin Faris, amma a shekarar da ta biyo teloli 'yan'uwansa suka far wa wurin suka farfasa kekunan don tsoron kada sana'arsu ta mutu. A 1846 Elias Howe na Amurka ya yi rajistar keke mai zare biyu, a 1851 kuma Isaac Singer ya yi rajistar nasa. Abin da ya shigar da keken Singer gidajen talakawa shi ne dabarar da abokin cinikinsa Edward Clark ya fito da ita a 1856, watau a ɗauki keke a riƙa biya kaɗan-kaɗan.

A 1879 kamfanin ya fitar da samfurin da daga baya aka ba shi lamba 15, kuma shi ne kakan kusan duk baƙin keken da ake gani a ƙasar Hausa. Da yawa daga cikin waɗanda suka shigo nan a zamanin Turawa a ƙasar Sikotland aka ƙera su, a wata babbar masana'anta da aka gina a Kilbowie kusa da Gilasgo cikin shekarun 1880, aka rufe ta a 1980. Harafin K da ke bin lambar samfuri, kamar 15K ko 99K ko 201K, daga sunan wannan wuri aka ɗauko shi. Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu masana'antun Japan suka kwaikwayi samfurin 15 suka cika duniya da shi a ƙarƙashin sunaye barkatai. Indiya tana da nata mai suna Usha, ƙasar Sin kuma tana da Butterfly na birnin Shanghai, wanda a yau shi ne sunan da aka fi sani a kasuwanninmu. A ƙasar Sin ta shekarun 1970 keken ɗinki yana cikin kaya huɗu da ake sa ran gani a gidan sababbin aure, tare da keken hawa da agogo da rediyo. Iyayen amare a nan ba za su yi mamakin jin haka ba.

Amfanin wannan doguwar kwaikwaya ga mai saye shi ne, kekunan da suka fito daga ƙasashe dabam-dabam galibi bobin ɗaya suke ci, da gidan bobin ɗaya, da allura ɗaya, da bel ɗaya. Ko a ƙaramin gari mutum yake, da wuya ya rasa mai sayar da su ranar kasuwa, da wuya kuma ya rasa wanda ya iya kwance keken ya ɗaura. Kan keken na ƙarfen zubi ne, shi kaɗai yakan kai kilo 12 ko 13, cikinsa kuwa ƙarfe ne a kan ƙarfe. Tun da miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, sandar allura ba ta da wata hanya sai sama da ƙasa, duk ƙarfin da aka ba ta a kan yadi yake ƙarewa. Idan aka iso wuri mai kauri, mai ɗinki yakan kama wili da hannu ya bi a hankali, sari ɗaya bayan ɗaya, har ya haye.

Ba a ce ba shi da aibi ba. Ba ya zigizag, don haka ba ya yin gidan maɓalli sai da wani ƙarfe na musamman da ake ɗaura masa, ba ya kuma daɗin ɗinka yadi mai talewa irin na singileti. Waɗansu tsofaffin ba su da hannun komawa da baya. Tebur da ƙafarsa suna cin wuri, wanda ke zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya sai ya auna kafin ya sayo. Taka feda kuma sai an koya, domin sabon hannu yakan bar wili ya juya da baya zare ya sarƙe. Akwai na hannu wanda ake ɗorawa a kan tabarma ko ƙaramin tebur, kowane juyi ɗaya na mariƙi yana ba da sari uku, shi ne ya fi dacewa da ɗalibin da ke yawan tashi, sai dai hannu ɗaya ne ya rage masa na riƙe yadi.

Babban abin lura shi ne ba duk baƙin keke ne ɗaya ba. Sababbin da ake sayarwa yanzu kamanninsu ɗaya da na da, amma zubin waɗansu da gogen ƙarfensu bai kai na da ba, jabu kuma ya yi yawa, har ana fente keke a manna masa sunan da ba nasa ba. Tsohon Singer na ainihi yana da lamba a buge a jikin ƙarfe ta gefen dama. Mai haruffa biyu da ta fara da E ƙirar Sikotland ce, mai farawa da A kuwa ƙirar Elizabethport ce ta Amurka, kuma akwai jerin lambobin a intanet wanda zai nuna shekarar da aka ƙera keken. Ɗalibi mai waya a hannu zai iya bincika wannan a tsaye a gaban mai shago.

KEKEN ZAMANI MAI AIKI DA WUTA

Tun daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni suka fara sa giyoyin roba a cikin kekunan gida, daga baya jikin keken ma ya koma roba. Sun yi haka ne don rage kuɗi da nauyi da ƙara. Giyar roba ba mugun abu ba ce a kan kanta, wani lokaci ma ita ce takan karye ta ceci sauran kayan ciki idan keke ya cije. Matsalar ita ce takan bushe ta tsage idan ta tsufa, kuma idan ta tsage sai an sami irinta sak. Keken da aka daina ƙera samfurinsa shekara goma da suka wuce yana iya mutuwa saboda 'yar giyar da ba ta fi kwabo faɗi ba.

A cikin kekunan zamani akwai waɗanda aka yi su da ƙashin ƙarfe a ciki, aka rufe da roba a waje. Daga cikinsu akwai jerin Singer Heavy Duty, irin su 4411 da 4423 da 4432, waɗanda kamfanin ya ce suna sari 1,100 a minti. Kamfanin Janome na Japan yana da HD1000 da HD3000 masu jikin alminiyam. Waɗannan kekunan gida ne masu kyau. Suna zigizag, suna gidan maɓalli, suna ɗinka kaki da shadda da labule ba tare da gardama ba, suna haye kalmasar jins idan aka bi su da lalama. Amma nauyin 4423 bai wuce kilo 7 ba, watau kusan rabin kan baƙin keke, kuma sunan da ke jikinsa bai mai da shi keken masana'anta ba. Wanda ya saye shi don ya riƙa ɗinka tamfol ko jakar fata kullum, shi ya jawo wa kansa. Gudu dabam, ƙarfin huda dabam. A aikin gida ma keken da ya iya tafiya a hankali ba tare da ya tsaya yana gurnani ba ya fi mai gudu amfani.

Akwai kuma masu kwamfuta a ciki, da allo mai haske da kalolin ɗinki ɗari ko fiye. Suna da daɗin aiki ƙwarai, sai dai mai saye ya tambayi kansa guda nawa zai yi amfani da su. Galibin ɗinkin gida miƙaƙƙe ne, sai zigizag, sai gidan maɓalli. Allon kwamfuta kuwa ba ya shiri da wutar da ke hawa tana sauka, idan ya ƙone makanikin unguwa ba shi da yadda zai yi da shi. Su kuwa 'yan ƙananan kekunan nan masu batir da ake tallarsu a waya, waɗanda ake riƙewa a tafin hannu, kayan wasan yara ne, bai kamata a sa su cikin wannan magana ba.

Zancen wuta ba ƙarami ba ne. Ma'aikaci da yamma yake da lokaci, ko ranar hutu, kuma ba shi ne yake zaɓen lokacin da za a kawo wuta ba. Moton keken gida bai cika kai wat 100 ba, saboda haka kuɗin wuta ba shi ne abin damuwa ba, har ƙaramar na'urar hasken rana tana iya ɗaukarsa. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareta don a kalmashe zane ɗaya ya zama ɓarna. A nan baƙin keke ya sake yin gaba, domin akwai ɗan moton da ake sayarwa dabam a ɗaura masa a ƙarƙashin wili. In akwai wuta a taka maɓalli, in an ɗauke a mai da bel a ci gaba da ƙafa. Wanda kuma ɗan'uwa ya aiko masa da keke daga Amurka, ko ya saya a wurin 'yan gwanjo, ya karanta rubutun da ke jikin moto tukuna. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. In aka jona shi kai tsaye ba tare da ɗan taransifoma mai rage wuta ba, hayaƙi ne zai ba da amsa.

KEKEN MASANA'ANTA

Idan mai saye ya nace a kan ƙarfi, daga ƙarshe za a kai shi gaban babban keken da teloli suke kira indastiriyal. Juki DDL-8700 shi ne misalin da aka fi sani, akwai kuma masu kama da shi a ƙarƙashin sunaye irin su Emel da Two Lion. Wannan keke yana iya sari 5,500 a minti, kansa kaɗai kilo 28 ne, yana zaune a kan tiren mai yana shayar da kansa, ana ɗaga takalminsa da gwiwa. An yi shi ne don ya wuni yana aiki shekara da shekaru, kuma yana yi.

Sai dai a nan ma akwai ruɗani. Ƙarfinsa na juriya ne da gudu. An ƙera shi don yadi mara nauyi da matsakaici, watau riguna da wanduna, ba don fata mai kauri ba. Kowane keken masana'anta aiki ɗaya ya iya: na miƙaƙƙen ɗinki dabam, na wibin da ke tufke bakin yadi dabam, 20U da ake aikin wuyan riga da shi dabam. Allurarsa ma ba irin ta gida ba ce, gindinta zagayayye ne. Tsohon motonsa mai kuloci yana cin wat wajen 400, da an kunna shi yana ta juyawa ko ana ɗinki ko ba a yi, kuma da an taɓa feda sai ya zabura kamar doki, sabon hannu ba ya iya riƙe shi. Akwai sabon moto da ake kira sabo, wanda ba ya juyawa sai an taka, ba ya ƙara, ana kuma iya rage masa gudu. Wanda ya ƙudura cewa sha'awarsa za ta zama sana'a nan gaba, misali ya karɓi ɗinkin kayan makaranta bayan ya yi ritaya, to wannan keke da irin wannan moto ya dace da shi. Wanda kuwa riga biyu zai ɗinka a wata, kamar ya sayi tirela ce don kai yara makaranta.

Mai sha'awar fata da kushin da tamfol, nasa keken dabam ne. Ana bukatar wanda takalminsa yake takawa tare da haƙora, yana jan kaya ta sama da ta ƙasa a lokaci ɗaya. Masu gyaran takalma kuma suna da nasu mai dogon hannu siriri, irin Singer 29K. Babu keken gida da zai tsaya a madadin waɗannan, ko me aka rubuta a kwalinsa.

ALLURA DA ZARE

Sau da yawa keken da aka kai wa makanike da ƙarar cewa ba shi da ƙarfi lafiyarsa lau, allurar ce ba ta dace ba. A jikin fakitin allura akwai lamba biyu, kamar 90/14. Ta farko kaurin allurar ce, watau kashi 90 cikin ɗari na milimita, ta biyu kuwa tsohon lissafin Singer ne, wanda shi teloli suka fi ambata. Yadi mai laushi yana son 11 ko 12, atamfa da shadda 14, kaki da jins 16, labule mai kauri da zanen kujera 18. Allurar gida tana da gefe ɗaya shafaffe a gindinta, in aka juya ta ba daidai ba keke ba zai kama zare ba sam. Tana kuma dakushewa kamar reza. A gidaje da yawa ba a canja allura sai ta karye, alhali dakusasshiyar allura tura yadi take yi maimakon ta huda shi, moto da giyoyi su ne suke shan wahalar.

Zare mai araha da ke da gashi-gashi yana cika ƙarƙashin keke da ƙura, yana kuma tsinkewa. Zare mai kauri ƙwarai kuwa ba ya wucewa ta gidan bobin na keken gida yadda ya kamata. Akwai kuma ɗabi'ar jan yadi ta baya don a taimaki keke ya haye wuri mai kauri. Wannan ce take lanƙwasa allura ta daki farantin ƙasa ko bakin ƙugiya. Abin da gwanaye suke yi shi ne su daddaka haɗin da ɗan guduma ya kwanta, su sa ninkakken ƙyalle a ƙarƙashin bayan takalmi don ya daidaita, sa'an nan su juya wili da hannu.

RANAR SAYE

Wanda zai shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko babbar kasuwar Kaduna, ko ta garinsu, kada ya tafi hannu rabbana. Ya tafi da ƙyallayen irin abin da zai riƙa ɗinkawa: guntun atamfa, da leshi, da kaki, da ƙafar tsohon wandon jins. Ƙyallen da mai shago yake gwaji da shi zaɓaɓɓe ne, kowane keke zai ɗinka shi. Zai fi kyau kuma a tafi da tela ko makaniken da aka amince da shi, a biya shi ladan rakiya, in dai ba abokin mai shagon ba ne.

Da farko a ɗaga keken a ji nauyinsa. A kwantar da kansa baya a leƙa ƙarƙashi, ko a buɗe murfin sama in yana buɗuwa, a ga ko me aka yi kayan ciki da shi. Ɗan maganaɗisu yana kama ƙarfen zubi, ba ya kama roba, amma ba ya kama alminiyam ma, don haka kada a yanke wa keke hukunci da shi kaɗai. A juya wili da hannu a hankali, ya kamata ya tafi sumul ba tare da wurin da yake cijewa ba. A kama sandar allura a girgiza, in tana rawa gefe da gefe to keken ya sha aiki. A shafa haƙora a ji ko sun lashe. A duba farantin allura, in bakin raminsa ya cika da sara, alama ce an sha karya allura a kansa. A ƙafar keke kuma a duba tsagewa ko wurin da aka yi walda aka rufe da fenti.

Sa'an nan a yi ɗinki. A fara da atamfa falle ɗaya, domin keken da ke cusa yadi mara nauyi cikin rami ba shi da amfani ko da yana huda jins. A ninka kaki huɗu a bi ta kai, a koma baya, a haye kalmasar jins a hankali ana sauraro. Daga nan a juya ƙyallen a duba bayansa. Ɗinkin ƙasa ya kamata ya yi kama da na sama, babu zarge, babu tsallake. Mai shagon da ya ƙi a gwada keke, ko ya ce sai an biya za a buɗe kwali, ya riga ya faɗi abin da ake son ji.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda aka fi mantawa: wa zai gyara shi, a ina kuma ake samun kayansa? A nemi mai shago ya nuna bobin da gidansa da bel da giyar wannan samfurin a shagonsa ko a maƙwabta. In ya ce sai an aiko daga Legas, to mutumin Gumel ko Kontagora ya san abin da ke gabansa. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan keke da lambarsa, in akwai garanti a rubuta tsawonsa a kai.

Bayan an kai shi gida, abokin gābarsa na farko ƙurar hunturu ce, wadda takan haɗu da mai ta zama kamar yashi a gaɓoɓinsa. Abin da ya fi kyau a fara ɗinkawa da sabon keke shi ne rigar da za a riƙa rufe shi. A riƙa cire farantin allura ana share gashin zare da tsohon buroshin haƙori. Baƙin keke yana son ɗigo ɗaya na farin man keke a kowane rami bayan 'yan kwanaki na aiki, keken zamani kuwa sai a bi abin da littafinsa ya ce, domin waɗansu ba a sa musu mai sai a wuri ɗaya. Man gyaɗa da manja da baƙin man mota ba su da wuri a nan, na girki sukan daskare su zama danƙo su riƙe keke. Tsohon keken da aka gada daga kaka ya ƙi juyawa, galibi irin wannan danƙo ne ya kama shi. Makanikai sukan ɗiga masa kananzir a gaɓoɓi su bar shi ya kwana, washegari su goge, su sa man keke da sabon bel da allura mai lamba 14, sai a kawo ƙyalle a gwada.